Daga Waya Zuwa Injin Bugu: Nazarin Aikin Biki Guda a Hannun Mai Koyon Gyaran Hoto

Yawancin matasan da ke shigowa sana'ar zane da gyaran hoto a Kano yanzu ba a kwamfuta suka fara ba. A waya suka fara, da PixelLab ko PicsArt ko Canva, suna haɗa wa abokai hoton barka da Juma'a da na taya murnar kammala karatu, kuma da yawansu idonsu ya riga ya buɗe a kan kala da tsari tun kafin su taɓa linzamin kwamfuta. Wannan nazari a kan ɗaya daga cikinsu ne, wani saurayi da ya gama sakandare aka kawo shi koyon aiki a ƙaramin shagon buga takardu da nake kai aiki, da kuma aikin farko da maigidansa ya sakar masa tun daga karɓa har miƙawa. Na zaɓi wannan aikin ne saboda kusan duk abin da ya raba hoton da za a kalla a waya da wanda za a buga ya fito a cikinsa.

Uwar amarya ce, wata Hajiya, ta kawo aikin. Tana son katin gayyata girman A5, da sitika da za a manna a robobi da jakunkunan rabo, da bana mai faɗin ƙafa 4 da tsayin ƙafa 6 da za a kafa a ƙofar wurin dina, sai kwafin da 'yan uwa za su ɗora a sitatus. Kalar bikin shuɗi ne mai ƙarfi da ruwan gwal, har ƙyallen ankon ta bari a kan tebur, ta ce kada a kuskura kati ya saɓa da shi. Kayan aikin shagon ba su da yawa: laftof na hannu da aka sayo a titin Beirut, Photoshop don hoto, CorelDRAW don rubutu da tsari, da ƙaramar firinta ta gwaji. Babban bugu da bana waje ake kaiwa.

Hoton da bai isa ba

Ƙanwar amarya ce ta turo hotunan ta WhatsApp, ita ma turo mata aka yi. A fuskar waya tas suke. Yaron ya buɗe fili mai girman banar, ya jawo hoton da Hajiya ta zaɓa, ya kama kusurwarsa ya ja har ya cika filin. Da yake laftof ta ƙanƙance komai don ya shiga allonta, bai ga wani aibu ba. Maigidan bai yi magana ba, hannu kawai ya miƙa ya danna Ctrl da 1, wanda ke nuna hoto ba a ƙanƙance ba. Idon amarya ya koma dabbare-dabbare, gashin girarta ya narke cikin goshi, aikin hular ango ya zama wasu murabba'ai masu kala.

Abin da yaron ya fara yi shi ne abin da kusan kowa ke yi: ya shiga akwatin girman hoto ya goge 72 ya rubuta 300, don ya ji ana cewa da 300 ake bugu. Fayil ya yi nauyi, laftof ta hau nishi, hoto kuwa yana nan yadda yake, sai ma dishi-dishi da ya ƙara. Dalili shi ne kowane hoton dijital ɗigo-ɗigo ne, fiksel, kuma adadinsu ƙayyadadde ne tun daga kyamara. Manhaja na iya ƙirƙiro ɗigo a tsakanin ɗigo, amma ba ta san me ke wurin ba, cike gurbi kawai take yi. WhatsApp kuma idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba yakan matse shi har dogon gefensa ya dawo wajen fiksel 1600.

Nan maigidan ya sa shi ɗaukar biro. Abin da ake riƙewa a hannu a karanta yana son fiksel 300 a kowane inci. Raba 1600 gida 300, ka samu inci 5 da ɗoriya, wato wajen santimita 13 da rabi. Ga kati ke nan hoton ya isa, tunda rabin katin kawai zai ci. Bana kuwa inci 72 ne tsayinsa, fiksel 22 ke nan a kowane inci. Gaskiya ne bana ba ya bukatar 300, daga nesa ake kallonsa, masu bugawa kan gamsu da 72 zuwa 150. To amma wannan ba allon talla ba ne a saman gada. A ƙofar zaure za a kafa shi, 'yan mata za su jingina da shi su yi hoto.

Magani ba a cikin Photoshop yake ba, yana wurin mai hoton da ya ɗauka. Shi kuma da aka kira shi sai ya ce ba ya sakin asalin hoto sai an cika masa kuɗinsa, wanda ban ga laifinsa ba. Aka koma kan Hajiya, ta cika, ya turo a matsayin dokumen, hanyar da WhatsApp ba ya taɓa fayil. Hoton ya zo 4000 a 6000, daidai da siffar banar, fiksel 83 a kowane inci. Wuni guda ya tafi a wannan kai-komo, ba a zana komai ba.

Mayafi

A nan ne aikin ya fi daɗewa, a nan kuma yaron ya fi ƙaruwa. A situdiyo aka ɗauki hoton, bayan ango da amarya labule ne ruwan ƙasa da furannin roba, ana so a cire su a ɗora su a kan shuɗi. Photoshop yana da maɓallin da ke gano mutum ya zagaye shi da kansa tun 2018, kuma yaron ya saba da irinsa a waya, don haka shi ya danna. A ɓangaren ango ya yi ƙoƙari. A ɓangaren amarya ya kasa, saboda mayafinta shara-shara ne, ana hango labulen ta cikinsa. Inda maɓallin ya bar mayafin, ya bar shi da ruwan ƙasa a jiki. Inda ya ɗauke shi a matsayin bango, ya cinye shi har kafaɗa. Sai yaron ya ɗauki magogi ya fara bin gefen yana gogewa.

"Ajiye wannan," in ji maigidan. "Abin da ka goge, in Hajiya ta ce a dawo da shi, daga ina za ka ɗauko?"

"Oga, ai sai in danna Ctrl da Z."

"Gobe? Bayan ka rufe?"

Abin da ya nuna masa shi ne lulluɓi, wanda 'yan sana'ar ke kira mas. Ana liƙa shi a jikin leyar hoton, wato shimfiɗar da hoton ke zaune a kai shi kaɗai a cikin aikin, a yi fenti a kansa maimakon a kan hoton. Inda aka shafa baƙi hoton ya ɓuya, inda aka shafa fari ya bayyana, babu fiksel ɗaya da ya salwanta. Kamar tela ne da ke lanƙwashe ragowar yadi ciki maimakon ya datse, saboda ya san mai kaya zai dawo ya ce a saki. Amma abin da ya warware matsalar mayafin shi ne na ukun, toka-toka. Inda aka shafa shi hoton yakan bayyana rabi, bangon da ke ƙasa ya leƙo rabi. Yaron ya bi jikin mayafin da burushi mai laushi da toka-toka, ya bar bakinsa da duwatsun da aka jera a kai da fari tas, sai ga shuɗin yana ratsowa ta cikin yadin kamar a gabansa aka ɗauki hoton. Saura ruwan ƙasan da ya maƙale a zaren. Aka ɗora wata leya a sama, aka ɗaure ta da ta amarya kaɗai, aka rage ƙarfin kalar a wannan yanki. Sai da ya sake shi tun daga farko fiye da sau ɗaya, don hannunsa ya saba da yatsa a kan gilashi, linzami yana zille masa.

Gefen babbar riga da hula kuma da alƙalami aka bi su, wannan abin da masu koyo suka fi tsana. Ba a zana layi da shi, ƙusa ake kafawa a ja hannayenta, layin ya lanƙwasa tsakanin ƙusa da ƙusa. Lissafin da ke ƙarƙashinsa sunan Pierre Bézier yake ɗauke da shi, injiniyan kamfanin Renault na Faransa da ya yi amfani da shi wajen fasalta jikin mota a shekarun 1960, kuma shi ne dai a cikin CorelDRAW, don haka wahala ɗaya ce take biyan bukata biyu. Kuskuren yaron yawan ƙusoshi ne, yana kafa su kusa-kusa, gefen rigar ya fito da gargada. Maigidan ya ce a kafa kawai inda layi ya sauya hanya. Ƙasan ƙafafunsu kuma aka sa 'yar inuwa, in ba haka ba sai a ga kamar a iska suke tsaye.

Wanda ya duba tarihin manhajar zai ga cewa damar komawa baya ita aka yi ta ginawa. Lokacin da Thomas Knoll da ɗan'uwansa John suka fitar da Photoshop na farko a 1990 babu leya a ciki, duk abin da ka shafa ya zauna. Sai a 1994 leya ta zo, a 1996 kuma aka samu leyar da ke gyara haske da kala ba tare da ta taɓa hoton ba. Yawancin manhajojin waya da yaran suka taso da su ba sa koya wa mutum wannan ɗabi'ar: ka gama, ka adana hoto guda a dunƙule, ka tura.

"A ɗan ƙara mata haske"

Haka Hajiya ta ce, kuma babu shagon da bai san wannan jimlar ba. Yaron ya ɗaga hasken fuskar, ya bi ta da abin sulɓe fata. Fuskar ta koma fari-fari mai toka, wuya da hannu suna nan da kalarsu ta asali, jan lallen ya koɗe, fatar ta zama ta 'yar tsana. A wurin ango kuwa sulɓin ya tafi da 'yar tsagar da ke kumatunsa, wadda duk danginsa da ita suka san shi.

Dokar da maigidan ya ba shi tsohuwa ce a wurin masu gyaran fuska: abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu, kamar ƙurji, a cire, abin da mutum ke yawo da shi kullum a bar masa. Ƙurajen da burushin warkarwa aka bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ke ɗauko lafiyayyar fata daga gefe ya saje ta da wurin, ramukan gashi ba su ɓace ba. Ƙyallin goshi aka rage shi kaɗan. Hasken kuma da lanƙwasar haske, wani layi da ake ja don daidaita haske da duhu, aka ɗaga shi, daga tsakiya, a kan dukkan jikin da ke bayyane ba fuska kaɗai ba.

Akwai hujja ta sana'a a kan ɗaga hasken, bai kamata a ɓoye ta ba. Tawada na bazuwa idan ta sauka a takarda, duhu ya ƙara duhu, don haka fuskar baƙin mutum da ta yi daidai a allo takan fito a cushe idan ba a buɗe ta kaɗan ba. Amma tsakanin gyara hasken hoto da sauya wa mutum launi akwai iyaka, kuma ba zan ce maigidan bai taɓa tsallaka ta ba. Mai biya in ya nace, yi masa ake. A wannan aikin ma amaryar da ke kan banar ta ɗan fi ta gida haske. Abin da dai aka tsare shi ne a gane ta, kuma hannunta da fuskarta su zama na mutum ɗaya.

Shuɗin anko

Da aka buga gwaji, shuɗin da ke walƙiya a allo ya fito yana jan shunayya, gwal ɗin kuma ya zama ruwan ƙasa mai yalo. Yaron ya ce firinta ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Allo da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Injin bugu da tawada huɗu yake haɗawa, siyan da majenta da yalo da baƙi, shi ne CMYK, kuma akwai kalolin da haske ke iya yi waɗanda tawada ba ta kai gare su, shuɗi mai ƙarfi da kore mai ƙyalli na kan gaba. Idan aka bar manhaja ta juya irin wannan shuɗin da kanta, takan cika majenta har ta kusa kamo siyan, daga nan shunayyar ke shigowa. 'Yan bugu kan bar tazarar aƙalla 30 a tsakaninsu, misali siyan 100, majenta 70. Ctrl da Y kuma na nuna maka tun a allo kusan yadda kalar za ta mutu a takarda, gara ka gani kai kaɗai kafin mai kaya ya gani.

Maigidan ya sa shi jera ƙananan murabba'ai na shuɗi a takarda guda, kowanne da lambobinsa a ƙasa, aka buga, aka fita da ita bakin titi tare da ƙyallen Hajiya, don ƙwan shago na yaudarar ido. Wanda ya fi kusa aka ɗauka. Gwal kuwa babu shi a tawada huɗu. Ko dai a kwaikwaye shi da yalo mai duhu da haske a jere, ko a biya kuɗin manna takardar gwal da zafi. Hajiya ta ji farashin na biyun, ta zaɓi na farko.

Baƙi ma da nasa tarkon. Baƙin da Photoshop ke bayarwa idan an juya shi yakan fito da tawada huɗun duka, kusan 75 da 68 da 67 da 90. A faffaɗan wuri yana da kyau. A ƙananan haruffa kuwa, in farantin da ke buga ɗaya daga cikin tawadar ya goce da ƙiris sai rubutu ya yi inuwar ja ko shuɗi. Shi ya sa aka kai hoton CorelDRAW aka yi rubutun a can da baƙi zalla, inda harafi layi ne ba ɗigo ba, a kati ko a bana bakinsa kaifi ɗaya.

Sauran abubuwan da sauri aka wuce su, ban da haruffa. Salon rubutu mai lanƙwasa da yaron ya zaɓa ba shi da ɗ da ƙ da ɓ, sai "ɗaurin aure" ya fito da akwati a farkonsa. Dabararsa ita ce ya sa d da k kawai, yadda aka saba gani a katuna da yawa. Maigidan ya ƙi. Bayanin wuri da lokaci aka mayar da shi salon da ke da haruffan, irin su Noto Serif da Gentium da Charis SIL, duk kyauta ake sauke su. Babban kan rubutun kuma aka bar shi a salon ado, aka mayar da shi zane, yaron ya ja ƙugiyar ɗ da hannunsa da alƙalamin nan da ya tsana. Bisimillar da ke saman katin ta fara fitowa a wargaje, haruffa a rarrabe kuma daga hagu, sai da aka kunna tsarin rubutu daga dama zuwa hagu. Aka bar rarar milimita 3 ta shuɗi a kowane gefe saboda wuƙar yanka ba ta sauka daidai kan layi. Daga ƙarshe Ctrl da Q na CorelDRAW ya daskarar da duk rubutun ya zama zane don kada kwamfutar masu bugu ta musanya salon, amma sai da aka ajiye kwafin da ba a daskarar ba.

Kwafin nan ya yi rana. Ana gab da kai aiki aka kira aka ce an mayar da ɗaurin auren bayan sallar Juma'a, dangin ango kuma suna son a ƙara sarautar mahaifinsa a gaban sunansa. Amarya ita ma ta aiko cewa furannin da ke gefenta a asalin hoton tana son su. Rubutun bai ci minti goma ba. Furannin kuwa suna nan ƙarƙashin lulluɓi, farin burushi kawai aka bi su da shi suka dawo.

Abin da nazarin ya nuna game da koyon

Ba daga jerin kayan aikin manhaja yaron ya koya ba, ko da yake ya sha kallon bidiyoyin YouTube da ke bin su ɗaya bayan ɗaya har datarsa ta ƙare. Har yau akwai maɓallai da yawa a Photoshop da bai san amfaninsu ba, maigidan ma haka. Abin da ya zauna masa shi ne wanda aiki ya matsa masa a kai, da tambayoyin da ake yi kafin a buɗe fili: nawa ne girmansa, a kan me za a buga, daga ina za a kalle shi. Bidiyoyin ba su cika tabo waɗannan ba, don masu yin su a allo aikinsu ke ƙarewa.

Kada kuma a raina abin da ya zo da shi daga waya. Kwafin sitatus, 1080 a 1920, shi ya tsara shi ba tare da an sa masa baki ba, kuma ya fi wanda maigidan zai yi kyau nesa ba kusa ba. Ya san inda ido ke fara sauka, ya san barin fili, maigidan kuwa ɗan zamanin cika kati da furanni da zobba ne.

Matsalar da ba a warware ba ita ce ta inda zai yi atisaye. Tun 2013 kamfanin Adobe mai Photoshop ya daina fitar da sabon da ake saya a mallaka, sai haya wata-wata, kuɗin da mai koyo ba ya iyawa, kuma kowa ya san irin kwafin da ke yawo a shaguna. Na nuna masa Photopea, wadda wani mazaunin ƙasar Cek, Ivan Kuckir, ya gina, tana buɗe fayil ɗin Photoshop a burauza kyauta, leya da lulluɓi da alƙalami duk suna nan. Akwai kuma GIMP, da fitowarta ta 3.0 a watan Maris na 2025 ta kawo gyaran da ake iya janyewa. Sai dai duka biyun kwamfuta suke so kafin a ji daɗinsu, shi kuma ta shago kaɗai yake taɓawa, in an kawo wuta.

Katin ya fito daidai da ƙyallen. Sitika ta ɗan fi duhu. Banar kuwa, da yake wani injin ne da wata tawada a kan leda, shuɗinsa ya ja baya zuwa shunayyar da aka gudu, saboda gwajin murabba'an a takarda kawai aka yi shi, ba wanda ya tuna a kai shi wurin masu bana. Hajiya ta lura tun kafin a gama warware shi, aka rage mata wani abu a kuɗin. Yanzu takardar murabba'an iri uku ce rataye a bangon shagon, ta kati da ta sitika da ta leda, kowacce daga injin da ake kai mata aiki. Aikin da aka ba yaron bayan wannan kalandar wata Islamiyya ce ta masu saukar Alƙur'ani, hotunan ɗalibai birjik, kowanne da wayar da aka ɗauke shi da irin haskenta, ana so su fito kamar rana ɗaya aka ɗauke su a ɗaki ɗaya.